Ɗorawar Kaka Ta Shiga Jami'a

A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Kiru, mai gona daban ne, mai itacen da ke cikin gonar daban. Sai ka ga mutum ya shekara yana noma wuri, amma ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa ta wata tsohuwa ce a wata unguwa, in ta nuna ko ƙwara ɗaya ba zai taɓa ba. Ba a rubuce abin yake ba, kuma ban taɓa jin an yi shari'a a kansa ba. Kowa ya san ɗorawar wance, kamar yadda kowa ya san akuyar gidan wane.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, tana da ɗorawa uku a gonar wani ɗan'uwanmu, a bakin tsohon burtali. Mahaifiyarta ce ta ba ta su, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. A wurin Kaka na tashi, don haka warin daddawa shi ne ƙamshin gidanmu, har yara a firamare suna toshe hanci in na zauna kusa da su. Da bazara, in ɗorawa ta bushe a sama tana ƙara in iska ta kaɗa, sai Kaka ta ɗauki gorarta mai ƙugiya, ta kira matan makwabta, a je a sauke. A ɓare, a daka, a tankaɗe garin nan rawaya da muke sha har ya liƙe mana a dasashi. A wanke ƙwayar, wato kalwa, a dafa ta a babbar tukunya, a surfa, a rufe ta ruɓa, a kirɓa, a shanya. Ɓawon ma ba ya zuwa juji, da shi ake makubar daɓen ɗaki. Daddawarta har kasuwar Tudun Wada ake kai ta, matan Fulani kuma suna zuwa da nono su yi musaya. Abu ɗaya ne Kaka take tsoro a duk shekara: kada ruwan farko ya riga ta. Ɗorawar da ruwa ya daka a sama ta tashi daga aiki, garin ya yi baƙi, tsutsa ta shige ta.

Da aka zo kafa reshen wata jami'a a kusa da mu, gonar ɗan'uwan namu ta faɗa ciki. Masu awo sun tambayi mai gona, an nuna musu shi, suka sallame shi. Ba wanda ya tambayi mai itace, shi kuma bai ga abin faɗa ba, tunda a wurinsa wa zai rasa sanin ɗorawar Iya, kamar yadda mutanen gari suke kiran Kaka? Aka yi gine-gine can bakin titi, aka bar bayan fili yana nan daji, ba katanga ba komai. Kaka ta ci gaba da sauke abinta kowace bazara kamar ba a yi ba.

Ana nan na gama karatu, na sami aikin koyarwa a wurin, a sashen gandun daji. Kaka ta ce da ni, "To maigida, duk wannan boko da ka sha ashe malamin itace za ka zama? Me za ka koya wa itacen?" Haka take kirana, maigida, mijinta da ba ya cefane. Ni kuma in ce da ita amarya mai haƙori biyu.

Wata shekara sai magana ta fito cewa za a share bayan filin a yi wurin ajiye motoci. Na shiga damuwa ƙwarai, don na ga yadda katafila take yi da itace. A daidai lokacin shugabar sashenmu, wata farfesa mai son itatuwa har cikin ranta, ta kawo wani tsari. A yi hanyar ƙafa, ta taso daga ɗakunan kwanan ɗalibai, ta bi bakin rafi, ta ratsa dajin nan, ta ɓulle a wata 'yar ƙofa da ke kallon ƙauyenmu. Ba mota, ba babur. Ɗalibai su riƙa shan iska suna sanin itatuwa, mutanen gari su riƙa shigowa, duk abin da ke bakin hanyar kuma ya tsira daga sara. Ta samo masu ba da tallafi daga waje, aka sa wa abin suna Koriyar Hanya, aka kafa kwamiti, aka sa ni a ciki saboda ni ɗan ƙasa ne.

Ni na kai su gindin ɗorawar Kaka, ina gaba suna biye. Na ce hanya ta karkato ta nan. Ko yau aka sake haka zan yi, don in ban yi ba da yanzu motoci ne a wurin. Farfesa ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon babbar cikinsu, ta daɗe, sannan ta ce a sa benci a nan. Ranar da daɗi na koma gida.

Na zauna na yi wa Kaka bayani. Ta ji batun tsirar itace ta sa mini albarka. Batun hanyar ne ya ƙi shiga kanta.

"Yanzu mutum da lafiyarsa ya fito ya kama tafiya, ba kasuwa ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ya kewaya ya dawo inda ya tashi?"

Na ce, "Motsa jiki ne, Kaka."

"Yo su zo su yi mini surfe mana."

Hanyar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. An zuba jan burji, an jera duwatsu a gefe, an dasa sababbin itatuwa, an yi wata 'yar gada a kan rafi. Tsuntsayen da na daɗe ban gani ba suka dawo. Da yamma ɗalibai suna zama da littattafansu, yaran ƙauyenmu suna shigowa su yi tsere, tsofaffi masu ciwon suga daga gidajen ma'aikata suna tafiya a hankali da carbi a hannu. An kuma kewaye wurin da waya, an sa mai gadi a 'yar ƙofar, an kafa allo da Hausa da Turanci: an hana sara, an hana tsinka, an hana fita da komai. Ina cikin waɗanda suka amince da wannan allo. Masu saran itacen girki da masu gawayi nake gani a lokacin. Wallahi ko sau ɗaya Kaka ba ta faɗo mini a rai ba, don a kaina ɗorawarta tata ce, allo ba da ita yake ba.

Da ɗorawa ta fitar da tutu, jajayen furannin nan masu lilo kamar an rataya ƙwallo, Kaka ta yi abin da take yi duk shekara. Ta sa aka saro ƙaya, ta kewaye gindin kowace ta ɗaure. Da haka ake sanar da yara da masu wucewa cewa itacen nan da mai shi. Washegari masu shara suka kwance ƙayar suka ƙone, don a ganinsu datti ne a bakin hanya. Ta sake ɗaurawa, suka sake kwancewa. Ɗalibai kuwa suka samu abin wasa. Su tsinko tutu su soka a gefen ɗankwali su ɗauki hoto, daga baya su fizgo ɗanyar ɗorawa su gutsura su tofar. Ban ga laifinsu ba, yawancinsu 'yan birni ne, ba su san abincin wani suke wasa da shi ba. Ba wanda ya hana su, tunda ɗaya-ɗaya suke ɗauka a hannu.

Ranar da ta nuna, ina cikin aji da hantsi sai wayata ta yi ƙara. Mai gadin 'yar ƙofa ne. Ɗan unguwarmu ne, Kaka ce ma ta yi wa uwarsa wankan jego lokacin da aka haife shi. Ya ce, "Malam, don Allah ka zo, ga Iya nan."

Na tarar da ita a tsaye a bakin ƙofa da gorarta, mata biyu a bayanta da buhuna. Mai gadi yana tsugune a gabanta, hularsa a hannu, kamar shi ne ya zo roƙo.

"Iya, wallahi ke ki shiga, ki zauna har magariba. Gorar ce da buhun ba za su shiga ba. An ce duk abin da ya fita ta ƙofar nan a bakin aikina."

Kaka ba ta yi masa faɗa ba. Ni ta juyo ta kalla. "Maigida, gaya masa ta wace ce."

Na ce, "Ya sani, Kaka."

"To me ya rage?"

Ga ɗorawar can muna hango ta, ta yi nauyi har rassan sun sunkuyo. Na ce ta koma gida, yau-yau zan gyara maganar. Ta saɓa gorarta ta juya, matan suka bi ta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kai tsaye ofishin Farfesa na wuce. Da a ce muguwa ce da na sami wanda zan yi fushi da shi, na huta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta dafe kai ta ce ita ma kakarta ta yi daddawa, ta san abin da nake faɗa. Amma filin na jami'a ne da duk abin da ke kansa. Yarjejeniyar masu tallafi ta ce ba a fitar da komai daga bakin hanyar. In ta buɗe wa mai gora yau, gobe mai gatari zai zo ya ce shi ma tsamiyar kakansa ce, ita kuma ba ta da yadda za ta tantance. Ba ta da ikon sa hannu ita kaɗai, sai kwamiti ya zauna.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ruwa fa ya kusa."

Ta ce, "Na sani, Malam. Zan matsa."

Ta kuwa matsa, na shaida. Sai dai wannan ya yi tafiya, wancan yana ta'aziyya, wani yana jiran a gama jarrabawa. Ni kuma na zama mai duban sama. A wajenmu ruwa daga kudu labarinsa yake fara zuwa. Direbobi suka ce an yi a Doguwa, har rafuka sun kawo. Na koma ofis, aka ce mako mai zuwa. Masu dawowa daga kasuwa suka ce an yi a Tudun Wada, har wasu sun yi shuka. Na sake komawa, na bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya har gidajensu, kowa ya ce shi ba shi da matsala, a dai zauna. Kullum da yamma in na je gaishe da Kaka ba ta tambayata. Sai dai in tarar ta wanke babbar tukunyar ta kife, ta tara itace a gefe.

Da na ga hadari ya fara haɗuwa da la'asar yana watsewa, sai na je wurin mai gadi muka ƙulla. Ranar Juma'a in an tafi masallaci jami'a tana yin tsit. Zai tafi shi ma, ya bar ƙofar a saye ba kwaɗo. Kafin a sauko mata sun sauke abin da suka iya sun fice. Da ƙyar ya amince. Na tafi wurin Kaka da murnata, ina ganin na yi dabara.

Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba har na gama.

"Wato mutane suna masallaci, ni ina sanɗa a gindin ɗorawar uwata ina waige-waige?"

"Kaka, ai taki ce."

"To tunda tawa ce me ya kawo ɓoyo? In na shiga a ɓoye na yarda ba tawa ba ce ke nan. Kuma a kori yaron mutane da 'ya'yansa a kaina? Tashi ka ba ni wuri, malamin itace."

Na yi magiya, na yi fushi, har na ce mata taurin kanta ne zai sa mu yi asara. Ta ce ta ji. Na fita ina huci, amma tun kafin in kai ƙofar gida na san ita ce da gaskiya, kuma gaskiyar ba za ta sauke ko ƙwara ɗaya ba.

Ruwan ya zo da rana tsaka, da iska, kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki murna, yara suna tsalle a cikinsa, magidanta suna fito da iri. Na tarar da Kaka a bakin ƙofar ɗakinta tana kallon yadda yake zuba daga indararo. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya sa mai albarka ne." Da gaske take, ba gatse ba, don ba a ƙin ruwa. Na zauna kusa da ita har ya ɗauke.

Daga nan na daina bin Koriyar Hanya na wani lokaci. Da na koma, ɗorawar ta yi baƙi a sama, wata ta zubo tana wari a kan burji, masu shara suna tarawa suna kai wa ramin takin da muke koya wa ɗalibai yi.

Kwamiti ya zauna bayan an yi noman farko. Na yi magana har muryata ta dishe. Aka tausaya ƙwarai, aka kuma yanke cewa mutanen gari suna iya tsintar duk abin da ya faɗo ƙasa da kansa, a hannu, ba da gora ba. Batun mallakar itace kuwa ya fi ƙarfin kwamiti, za a miƙa shi sama. Da na kai wa Kaka wannan labari sai ta yi dariya har da tari. "Wadda ta faɗo? Ai wannan rabon awaki ne. Ka ce musu na gode, na bar wa awaki nasu."

Na je Tudun Wada na sayo mata kalwa, don kada tukunyar ta shekara a kife. Ta karɓa, ta dafa, ta yi daddawa mai kyau, amma ta ƙi bari a kai kasuwa. Ta ce ba za ta sayar wa mutanenta abin da ba ta san uwarsa ba. Muka yi ta ci a gida har muka gaji.

Bazarar da ta biyo baya ƙafafun Kaka sun fara gazawa. Maganarmu tana can sama, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Wata safiya ta aiko a kira ni, ta ce in zo da babbar 'yata, wadda a lokacin take tsakiyar firamare. Na tarar ta yi wanka ta sa zanenta na zuwa suna. Ta ce in kai ta ta ga hanyar nan ta masu tafiya ba dalili.

Na ɗauke su a babur har 'yar ƙofa, daga nan muka taka a hankali, tana dafe da kafaɗar yarinyar. Ba gora, ba buhu, don haka ba mai hana ta. Ta ce wa mai gadi ya biyo mu. Muka isa, ta zauna a kan bencin da Farfesa ta sa aka ajiye, ta shafa simintin ta ce, "Kai, sun kyauta. Da can a kan saiwa muke zama." Tutu ya fito, sama duk ta yi ja. Wasu ɗalibai suka wuce suka gaishe ta, ta amsa musu da fara'a.

Sai ta jawo 'yata ta tsayar da ita a gabanta, ta nuna mata itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Babbar ita ce mai yawan kalwa. Ta tsakiya garinta ya fi zaƙi. Ta bakin rafi tana makara, a bar ta sai ƙarshe. Sannan ta gyara murya, irin yadda manya suke yi in za a ɗaura magana.

"Uwata ta ba ni su a nan wurin, a gaban mutum biyu. Ni ban bar 'ya mace ba, don haka na ba ki, duka ukun. Halak malak." Ta dubi mai gadi. "Kai, ka shaida?"

Ya cire hularsa. "Na shaida, Iya."

Ta juyo gare ni. "Maigida fa?"

Allon nan yana tsaye a bayanta, ina ganinsa ta saman kanta. Ta san yana nan, ta kuma san abin da aka rubuta a jiki, don ni na karanta mata. Ba ruɗewar tsufa ba ce. Abin da aka damƙa mata take damƙawa, ta sauke nauyinta, sauran kuma ta bar mini. Na ce, "Na shaida."

Kaka ta rasu a cikin damina ta wannan shekarar. Gorarta tana nan a saƙale a zauren gidana, 'yata ce ta ce a kawo mata abinta.

Har yau ina aiki a wurin, kuma kusan kullum ta hanyar nake bi. Itatuwan suna nan lafiya, sun ma fi da kyau, baƙi in sun zo a gindinsu ake ɗaukar hoto. Farfesa ta yi ritaya, wanda ya gaje ta na yi masa bayani tun daga farko, shi ma ya tausaya. Yarinyar ta girma, ta shiga sakandare, ta iya karanta allon da kanta cikin harsunan biyu. Amma duk shekara, da zarar direbobi sun fara cewa an yi ruwa a Doguwa, sai ta same ni a zaure ta tsaya kusa da gorar.

"Baba, yaushe za mu je mu sauke ɗorawata?"

Bana ma ta tambaya. Na ce mata can sama ba a zauna a kan maganar ba tukuna.